Mabuɗin gwangwani na hannu: mai banƙara, mai yanka ta sama, ko mai yanka ta gefe?

Kafin a kai ga maganar mabuɗi, ɗauki gwangwanin kansa ka shafa bakinsa da ɗan yatsa. Za ka ji wani siririn tudu ya zagaye murfin kamar kalmasar bakin riga. Kalmasar ce kuwa ta gaske. A masana'anta inji ne ke haɗa gefen murfi da bakin jikin gwangwani ya naɗe su tare, ya sake bi ya matse su tam, da ɗan danƙo a tsakani don kada iska ta samu hanya. Da za a datse wannan tudu a leƙa cikinsa, ninki 5 na ƙarfe za a gani, 3 na murfi, 2 na jiki. Ƙarfen gwangwanin zamani kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne, shi ya sa idan babu komai a ciki ake iya lotsa shi da babban yatsa. Kalmasar kam ba ta lotsuwa da hannu. Ita ce wuri mafi ƙwari a jikin gwangwani, kuma a kanta mabuɗi yake tsayawa ya yi aikinsa.

Na fara da wannan ne saboda yawancinmu idan za mu sayi mabuɗi, wuƙar muke dubawa, ko kyan mariƙi ya ja mu. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Yanka ƙarfe mai wannan sirantaka ba wani aiki ba ne, ko wuƙar da ta fara dakushewa za ta huda shi. Wahalar tana wajen riƙo. Mabuɗin da ya cafki kalmasa da kyau, ya bi ta bai zame ba, zai buɗe gwangwani. Wanda riƙonsa ya saki kuwa, ko da wuƙarsa ta kai aska kaifi, sai dai ya yi ta karce a wuri ɗaya. Da wannan ma'auni nake auna kowane iri.

Gwangwani ya girmi mabuɗinsa da shekaru fiye da 40. A 1810 Peter Durand ya samu haƙƙin mallakar dabarar adana abinci a gwangwani a Ingila, a 1813 kuma Bryan Donkin da John Hall suka buɗe masana'anta a Landan. Gwangwanayen wancan zamani ƙarfe ne mai kauri da nauyi, kuma da kurfi da guduma ake buɗe su. Sai da ƙarfen ya yi sirara sannan ƙaramin abin hannu ya iya da shi. Robert Yeates, maƙerin wuƙaƙe da kayan tiyata a Landan, ya fito da nasa a 1855. A 1858 Ezra Warner na garin Waterbury a jihar Connecticut ta Amurka ya yi rajistar wani mai tsinin hudawa da wuƙa kamar lauje, wanda sojoji suka yi amfani da shi a yaƙin basasar ƙasar. Hatsarinsa ya sa bai shiga gidaje sosai ba, masu kanti ne ke buɗe wa mai saye gwangwani kafin ya tafi da shi. Faifan yanka mai juyawa William Lyman ne ya kawo shi a 1870, amma nasa sai an huda tsakiyar murfi an kafa shi a can, a ja wuƙar ta zagaya kamar mai zana da'ira. Babban ci gaba ya zo a 1925, lokacin da kamfanin Star Can Opener na San Francisco ya ƙara taya ta biyu mai haƙora wadda ke cizon kalmasa. A 1931 kamfanin Bunker Clancey na Kansas City ya haɗa wannan da mariƙai biyu irin na filaya, ta yadda mabuɗin da kansa ke riƙe gwangwani. Wanda ke yawancin kicin a yau jikan wannan ne. Ka lura, gyare-gyaren biyu da suka fi tasiri duk a kan riƙo aka yi su.

Mai banƙara shi ne mafi tsufa kuma mafi sauƙin ƙira. Yana da ƙugiya da ke shiga ƙarƙashin kalmasa daga waje, da gajeriyar wuƙa mai tsini da ke sauka a kan murfi daga ciki. Ƙugiyar ce madogara. Ka ɗaga ko ka danna mariƙi, wuƙa ta nutse ta tsaga ɗan wuri, ka matsar da ita gaba kaɗan, ka sake. Fitaccen misalinsa shi ne P-38, wanda aka ƙera wa sojojin Amurka a 1942, ɗan ƙarfe mai tsawon kusan milimita 38 da wuƙa mai naɗewa, har ana rataya shi da makullai. Ɗan'uwansa P-51 ya kai kusan milimita 51, kuma wannan ƙarin tsawo kaɗai ya sa ya fi sauƙi a yatsu. Wuƙar sojan Suwizalan ma tun samfurinta na 1891 tana ɗauke da mabuɗin gwangwani irin wannan. Akwai kuma ƙirar Japan mai faffaɗan mariƙi da ke cika tafin hannu, babu abin da ke motsi a jikinta ko ɗaya.

Alherinsa a fili yake. Babu haƙoran da za su cinye, babu giyar inji da za ta kakare, wanke shi daƙiƙa kaɗan ne, kuma ba ruwansa da siffar gwangwani: zagayayye, mai kusurwa, ƙarami, ƙato, lotsattse, duk zai bi su, tunda kowane sara sabon riƙo ne. Illarsa kuma ba ƙarama ba ce. Gwangwani mai faɗin baki santimita 7.3 kewayensa ya kai kusan santimita 23. Idan kowane sara yana cin rabin santimita ko ɗan fiye, sai ka yi sara wajen 40 kafin ka zagayo. Gefen murfin da ya bari kamar haƙoran zarto yake, kuma hannunka yana aiki dab da shi. Mai buɗe gwangwani ɗaya a wata, ko matafiyi da ke son abin da zai shiga aljihu, wannan ya ishe shi. Mai girki kullum ba zai jure ba.

Iri na biyu, mai murɗawa da ke yanka ta sama, shi ne wanda kowa ya sani, kuma a nan ne ake yawan yin zaɓen tumun dare, domin abubuwa biyu mabambanta ne suke kama da juna a ido.

Aikinsa hawa biyu ne. Na farko matsa mariƙai. Ƙusar da ta haɗa su tana can kusa da kai, tayoyin suna dab da ita, hannunka kuma yana nesa. A ce faifan yanka yana santimita 2 daga ƙusa, tafin hannunka yana santimita 12: ƙarfin matsarka ya ninka sau 6 kafin ya isa bakin wuƙa. Shi ya sa ake jin ɗan "ɓus" ɗin nan na hudawa ba tare da an yi nishi ba. Amma matsar ba ta ƙare da hudawa, domin ita ce ke danne taya mai haƙora a ƙarƙashin kalmasa har a gama zagaye. Hawa na biyu murɗawa. Abin murɗawar yana kan sanda ɗaya da taya mai haƙora, kuma gwargwadon yadda ya fi tayar faɗi, gwargwadon sauƙin da yatsu ke samu. Idan tayar tana da faɗin santimita 1.5, abin murɗawa kuma santimita 6, ƙarfi ya ninka sau 4. Kowane zagaye ɗaya na irin wannan taya yana jan gwangwani kusan santimita 4.7, wato zagaye 5, ko murɗa 10 na rabi-rabi, sun isa a kewaye gwangwanin da muka auna ɗazu. Ƙaramar taya tana sauƙaƙa murɗi amma tana ƙara yawansa, babba tana gaggawa amma tana neman ƙarfi. Faifan yankan kuma idan ka duba da kyau za ka ga ba a tsaye yake cak ba, an ɗan karkata shi, don bakinsa ya kwanta a lungun da ke tsakanin murfi da kalmasa ya yanka dab da bango, kada ya bar wani leɓe mai kaifi a cikin gwangwani.

To, ga inda suka rabu. Mai araha, wanda abin murɗawarsa ke kama da fukafukan malam-buɗe-littafi, daga siririn ƙarfe ake buga shi. Wuƙarsa a kafe take, ko kuma ɗan faifai ne da ba ya juyawa sai in gwangwani ya ja shi. Ma'ana duk nauyin tafiya yana kan haƙoran taya ɗaya tak: su za su ciji kalmasa, su za su tura gwangwani, su za su ja murfi ya bi ta kan wuƙa. Ɗaya irin kuwa yana da giya biyu a bayan tayoyin. Da ka rufe mariƙai sai haƙoran giyoyin su shiga juna, ka murɗa, taya mai haƙora ta juya, faifan yanka ma ya juya tare da ita. Gwangwani yana samun ja daga sama da ƙasa lokaci guda, wuƙa tana mirginawa a kan ƙarfe tana raba shi, ba jan ta ake yi da ƙarfi ba. Irin ƙirar da aka san Swing-A-Way na Amurka da ita ke nan. Bambancin da ke hannu tsakanin su biyun, gani ya kori ji.

Na taɓa tsayawa na kalli yadda mai fukafukai ke mutuwa, domin a hannuna ɗaya ya mutu. Ya huda murfi lafiya, ya tafi kamar santimita 3, sai abin murɗawa ya yi sakayau a yatsuna, yana juyawa gwangwani yana tsaye. Da na cire shi na duba ƙarƙashin kalmasar, haƙoran sun goge wurin ya yi fari fat yana ƙyalli, ga ɓurɓushin ƙarfe kamar garin azurfa a kan tebur. Na matsa gaba na sake hudawa, ya sake tafiya kaɗan ya tsaya. Daga ƙarshe murfin yana maƙale a wuri huɗu. Na ɗauka wuƙar ce ta dakushe, amma da na shafa ta da farce tana nan da kaifinta. Da na riƙe mariƙan biyu na girgiza su gefe da gefe sai na ji ƙwas-ƙwas: ƙusar tsakiya ta saki, ramin da take ciki ya faɗaɗa. Wannan ɗan wasa da bai kai milimita ɗaya ba ya ishi taya ta kauce daga ƙarƙashin kalmasa, ta koma cizon gefenta kawai. Daga nan haƙora suka fara zamewa, zamewar ta cinye tsininsu, cinyewar ta ƙara zamewa. Araha ba ta ado, kuma a wannan na'ura ba ta ƙarko.

Mai giya ma yana da nasa ciwon. Wasu kamfanoni suna yin giyoyin ko sandar da ta haɗa abin murɗawa da taya da roba, su rufe da kwalliya mai kyau. Ran da ya haɗu da gwangwani mai tauri, haƙoran robar su karye ko sandar ta murɗe a cikin gidanta, shi ke nan babu gyara. Roba a kan mariƙi alheri ce, tana hana zamewa da ciwon tafin hannu. Kamfanin OXO ma da wannan tunani Sam Farber ya kafa shi a 1990, bayan ya ga yadda amosanin gaɓɓai ke wahalar da matarsa wajen riƙe siraran kayan kicin. Amma roba a hanyar da ƙarfi ke bi daga yatsa zuwa haƙori, wannan rauni ne da aka ɓoye.

Iri na uku, mai yanka ta gefe, ya bazu ne tun daga shekarun 1980, kuma dabararsa ta burge ni ƙwarai. Bai damu da murfi ba sam, kalmasar kanta yake yanka. Ana ɗora shi a kwance a kan gwangwani. Taya mai jan tafiya tana bin bangon kalmasa ta ciki, ɗan ƙaramin faifan yanka yana bin ta ta waje, kuma an ƙayyade zurfin da zai shiga: ninkin waje kaɗai yake rabawa, wanda na murfi ne, ya bar sauran. Da an zagayo, murfi gaba ɗayansa da rabin kalmasarsa yana ɗagowa kamar hula. Wasu samfuran, irin na kamfanin Kuhn Rikon na Suwizalan, ba su da mariƙai biyu ma. Murɗin farko ne ke matso da faifai ya cafki kalmasa, idan an gama a murɗa baya ya saki. Waɗansu zare-zare masu kama da gam da akan gani a bakin gwangwani bayan an buɗe, danƙon nan ne na masana'anta da aka ambata a farko.

Kada a haɗa shi da wani iri da ke yanka jikin gwangwani a ƙasa da kalmasa ya cire kan gaba ɗaya. Wannan murfinsa ba ya yanka hannu, amma bakin gwangwanin da ya bari aska ne, ga shi ya rasa kalmasar da ke ba shi ƙwari, sai ya riƙa lanƙwashewa a hannu ruwa yana zuba. Ban ga wanda zan ba shawarar ya saya ba.

Idan aka ajiye mai giya da mai yanka ta gefe kusa da kusa, abu na farko da ke raba su shi ne rauni. Murfin da aka yanka ta sama faifai ne mai kaifi ko ta ina, yakan faɗa cikin abinci, kuma wajen ciro shi da yatsa ne yawancin yankan hannu ke faruwa. Bayan an jefar da shi ma yana jiran wanda zai tura hannu cikin shara. Ana rage wannan da barin kamar santimita ɗaya ba a yanke ba, a ɗaga murfin da bakin cokali, in an juye abinci a tura shi cikin gwangwani. Wasu samfuran suna da ɗan maganaɗisu na ɗauke murfi. Mai yanka ta gefe ya kawar da matsalar tun daga tushe: gefen da ya bari dakusasshe ne, za ka iya shafa shi a hankali ba abin da zai same ka. A gidan da yara ke taya aikin kicin, ko akwai mai raunin gani, wannan kaɗai ya isa hujja.

Na biyu tsabta, kuma nan ma mai gefe ne a gaba. Faifan mai yanka ta sama yana nutsewa cikin ruwan abinci a duk buɗewa, ya kwaso mai da romo ya kai su bayan faifai da tsakanin giyoyi, inda soso ba ya isa. Ka ɗauki tsohon mabuɗi ka leƙa bayan faifansa, baƙin dattin da ya daskare a can ragowar gwangwanaye ne masu yawa, kuma gobe zai sake shiga wani abincin. A binciken da ƙungiyar NSF International, mai gwajin tsabtar kayan abinci, ta yi kan kayan kicin na gidaje a Amurka a 2013, mabuɗin gwangwani yana cikin waɗanda aka samu da ƙwayoyin cuta na Salmonella da E. coli. Ƙurar da ke saman murfi ma, idan ba a goge ba, wuƙa tana tura ta ciki. Faifan mai gefe ba ya taɓa abinci, murfi ba ya faɗawa ciki, kuma ana iya mayar da shi a rufe ragowa na ɗan lokaci, ko da yake ba ya toshe iska.

Daga nan kuma sai ma'auni ya juya. Mai gefe yana aiki ne da awo mai tsauri, tunda ninki ɗaya yake nema cikin biyar. Idan kalmasa ta ɗan lotse, ko kaurinta ya saɓa wa wanda aka ƙera shi dominsa, sai ya wuce wurin bai yanke ba, kuma ba za ka sani ba sai ka zo ɗaga murfi ya ƙi. Gwangwanin kifi mai kusurwoyi da ƙananan gwangwanaye masu matsattsen baki suna ba shi wahala. Ba ya nuna inda ya faro, domin tsagar siririya ce a gefe, sai dai ka ji murɗi ya yi sauƙi ka san ka zagayo. Wanda bai saba ba yakan zarce zagaye na biyu, a nan ne faifai ke feƙe siraran zaren ƙarfe da za su iya faɗawa cikin abinci lokacin ɗaga murfi. Sau ɗaya ake zagayawa a tsaya. Murɗinsa yakan fi na mai giya nauyi da yawa. Murfin kan manne da danƙo, har wasu samfuran suna zuwa da ɗan bakin filaya na ɗaga shi. Sannan ga wani abu da masu girki ke ji a jikinsu: murfin da aka yanka ta sama ya fi bakin gwangwani ƙanƙanta, ana danna shi ciki a tsiyaye ruwa ko mai a bar abinci. Na mai gefe ya fi bakin faɗi, ba ya shiga, sai dai a karkata shi a bar ƴar kafa, matsewa kam babu.

Ta fuskar daɗewa, mai giya na ƙarfe zalla ya fi haƙuri. Ko faifansa ya ɗan dakushe, ko giyarsa ta ɗan yi wasa, ƙarin matsa hannu yana cike giɓin, kuma kana ganin abin da yake yi da idonka, in ya tsallake wuri ka koma baya ka gyara. Mai gefe da zarar ɗan faifansa ya ci, ko tazararsa ta buɗe kaɗan, ya daina aiki ke nan, ba shi da tsaka-tsaki.

Maganar ƙarfin hannu ba ta da amsa ɗaya, sai an san inda ciwon yake. Wanda matsa mariƙi ke wahalar da shi, ya nemi mai giya mai makulli, wanda ke kama mariƙan da kansa bayan hudawa, ko mai gefe marar mariƙai biyu. Wanda murɗawa ce ke masa ciwo a wuyan hannu, ya nemi mai babban abin murɗawa mai kauri, ko mai dogon hannun juyawa irin na injin niƙa, domin doguwar sanda tana sauƙaƙa aiki fiye da kowane irin kaifi. Bahago kuma ya sani cewa mai yanka ta sama na yau da kullum an ƙera shi ne a riƙe da hagu a murɗa da dama. Akwai waɗanda aka juya ƙirarsu musamman dominsa, kuma mai gefe da ke zama a saman gwangwani da abin murɗawa a bisa bai cika nuna bambanci tsakanin hannuwa ba.

Wanda ake kafawa a bango ko a bakin tebur na masu buɗe manyan gwangwanaye da yawa ne a rana, kamar gidajen abinci da makarantu. Kamfanin Edlund na jihar Vermont ta Amurka ya yi suna a irin na tebur, mai doguwar sanda da ake dannawa ta huda, a kwantar da hannu a juya, wuƙa da giyarsa kuma ana sauya su idan sun ci. A kicin na gida ya yi yawa.

Idan mabuɗi ya zo hannunka kafin ka biya, minti ɗaya ya isa ka san halinsa. Buɗe mariƙan ka girgiza su gefe da gefe, in ka ji wasa a ƙusa tun yana sabo, ajiye shi. Rufe su ka murɗa a iska ka ga ko faifan yanka yana juyawa tare da taya. In bai juya ba, ba shi da giya, komai kyan jikinsa. Leƙa bayan tayoyin ka tabbata giyoyin ƙarfe ne. Shafa haƙoran taya da babban yatsa: ana so su kama fata, masu zurfi da tsini, ba masu sulɓi kamar gefen tsohon kwabo ba. Matsa mariƙan da ƙarfi ka ga ko suna lanƙwasa, domin mariƙin da ke lanƙwasa yana shanye ƙarfin da ya kamata ya isa kalmasa. In faifan da sukuru aka ɗaure shi, ba ƙusar da aka dake ba, wannan ƙari ne, ana iya cire shi a wanke bayansa. Game da irin ƙarfe kuwa, faifai mai yawan kabon ya fi riƙe kaifi amma yana tsatsa in an bar shi da laima, wanda ba ya tsatsa ya fi jure ruwa. Kowanne ka samu, ka wanke shi da hannu da tsohon burushin haƙori, ka goge shi ya bushe a buɗe, lokaci-lokaci ka ɗiga masa man girki a ƙusa da sanda. Takarda mai kauri da aka ninka, in aka cafke ta da tayoyin aka murɗa, tana fito da dattin da ke tsakaninsu.

Ni dai da za a ce in ɗauki ɗaya tak, mai giya na ƙarfe zalla mai yanka ta sama zan ɗauka, saboda ba ya zaɓen gwangwani kuma ba ya ɓoye mini kuskurensa, na kuma yarda in biya farashin da wankewa da kula da murfi. Gidan da ke da ƙananan yara, ko wanda aka taɓa ɗinke wa yatsa saboda murfi, mai gefe daga kamfanin kirki ya fi masa, muddin yawancin gwangwanayensa zagayayyu ne. Ko wanne aka zaɓa cikin biyun, yana da kyau a jefa ɗan mai banƙara a aljihun tebur saboda ranar da kalmasa ta zo a karkace. Sai dai a bambanta: ƙaramar lotsa a jiki ba komai, amma gwangwanin da ya kumbura, ko yake yoyo, ko ya yi mummunar lotsa a kan kalmasar kanta, ba na buɗewa ba ne da kowane mabuɗi, na zubarwa ne, domin ta nan iska da ƙwayoyin cuta ke shiga.

Wani zai ce ai gwangwanaye da yawa yanzu da zoben ja suke zuwa, dabarar da Ermal Fraze na garin Dayton a Amurka ya fito da ita a farkon shekarun 1960. Haka ne, amma zobe yana tsinkewa. A da sai a kifa gwangwani a buɗe ta ƙasa. Yanzu da yawansu daga faifan ƙarfe ɗaya ake matso jikin da gindin, ƙasan a lanƙwashe yake sumul babu kalmasa, taya ba ta da abin cizo. Dole a koma ta sama, inda murfin zobe yakan nutse ƙasa fiye da na gama-gari, har faifan wasu masu yanka ta sama ba ya kaiwa gare shi sosai. A irin wannan gwangwani mai gefe ne ke fitar da mutum, tunda shi zurfin murfi bai dame shi ba, kalmasa kawai yake bi.